Tambayi Lauya: Na Riga Na Tura CV, Sai Na Ga Kuskure a Ciki

Assalamu alaikum. Wasiƙun da suka iso ni a wannan wata kusan duk a kan takardar neman aiki suka taru. Haka abin yake duk lokacin da aka rantsar da sabbin lauyoyi a Abuja, ko wani rukunin masu yi wa ƙasa hidima ya kammala. Sai ka ga matasanmu sun sauka daga danfo, motar haya ta Legas, a Obalende da sassafe, baƙar kwat a jiki, fayil a hammata, suna neman hanyar Ikoyi da Victoria Island. Na zaɓi biyar daga cikin wasiƙun, na cire sunaye kamar yadda muka saba.

Tambaya: Anti Lauya, barka da aiki. Ni 'yar Idi-Araba ce. Na yi Makarantar Koyon Aikin Lauya a Bagauda, na gama hidimar ƙasa, na dawo gida Legas. Ran Litinin da daddare na tura CV da wasiƙar neman aiki zuwa wani babban ofishin lauyoyi a Victoria Island. Washegari na buɗe don in sake dubawa, sai gabana ya faɗi. A tsakiyar wasiƙar sunan wani ofishi ne daban da na nema makon jiya, na manta ban sauya ba. A CV kuma na rubuta shekarar da aka rantsar da ni ba daidai ba, na mayar da ita baya da shekara ɗaya. Kwana biyu ke nan ko abinci ba na iya ci. Yayana ya ce in yi shiru, wataƙila ba za su lura ba. Ƙawata ta ce in sake turawa kamar ban san abin da ya faru ba. Ya zan yi?

Amsa: Ƙanwata, ki tashi ki ci abinci tukuna. Abin da ya same ki ya sami mutane da yawa da yau suke zaune a manyan kujeru, kuma yana da gyara.

Yayanki ƙauna ce ta sa ya ce ki yi shiru, amma bai san mutanen da kika aika wa takardar ba. Za su lura. Da gano kuskure a takarda suke cin abinci. Lauyan da zai karanta CV ɗinki, jiya ya wuni yana bin yarjejeniya mai shafi tamanin layi-layi, yana neman inda aka rubuta miliyan a maimakon biliyan. Kin tuna shari'ar Okafor da Nweke da aka koya muku a makaranta, wadda Kotun Ƙoli ta yanke a 2007? Takardun da aka shigar gabanta an sa musu hannu da sunan ofishin lauyoyi, ba da sunan lauyan da ke cikin rajista ba, kotu ta yi watsi da su gaba ɗaya. Layi guda ne a ƙasan takarda ya jawo haka. Mutanen da suka tashi da irin wannan tsoro a zuciya ba sa karanta takarda sama-sama.

To amma kurakuran nan naki biyu ba nauyinsu ɗaya ba, kuma nan nake so ki tsaya ki fahimta. Sunan wani ofishi a cikin wasiƙa abin kunya ne, yana nuna gaggawa, iyakarsa ke nan. Kowa ya san mai neman aiki ba ƙofa ɗaya yake ƙwanƙwasawa ba. Shekarar rantsuwa ita ce ta fi tayar mini da hankali. A aikinmu wannan shekara ita ce shekarar haihuwar lauya. Da ita ake sanin babba da ƙarami a kotu, da ita ake tsara albashi a ofisoshi da yawa, da ita ake lissafa kuɗin lasisin da muke biya kowace shekara kafin ƙarshen Maris. Da ita ake ƙirga shekara goma da mutum zai cika kafin ya nemi zama babban lauya mai muƙamin SAN ko alƙalin Babbar Kotu. Ke kuma kuskuren naki ya ƙara miki shekara ɗaya, wato ya karkata ta inda zai amfane ki. Ni na yarda hannunki ne ya zame. Wanda bai san ki ba, idan ya ɗora takardar rantsuwarki kusa da CV ya ga sun saɓa, tambayar da zai yi wa kansa ita ce ko da gangan ne. Duk kuskuren da ya ƙara wa mutum daraja, ko shekaru, ko ƙwarewa, wajibi ne ya gyara shi da bakinsa kafin wani ya gano masa.

Shawarar ƙawarki ma ba ta yi mini ba. Idan takarda biyu suka shigo daga mutum ɗaya babu bayani, ma'aikaciyar da ke tattara su ba ta san wacce za ta ɗauka ba. Tana iya buga ta farkon ta kai wa manya, ko ta buɗe duka biyun ta ga shekara ta sauya babu wanda ya ce mata komai.

Ga abin da za ki yi yau, kada ki bari ya kai gobe. Ki koma kan imel ɗin da kika tura, ki amsa a kansa, don saƙon gyaran ya zauna tare da na farko. Ki rubuta layi uku ko huɗu cikin Turanci mai sauƙi, ma'anarsu ita ce: na lura akwai kuskure biyu a takardun da na aiko ran Litinin, sunan ofishi a wasiƙa da shekarar rantsuwata a CV, shekarar da take daidai ita ce kaza, ga gyararrun takardu, ina roƙon a yi amfani da su a madadin na farko, a yi haƙuri, na gode. Shi ke nan. Kada ki kawo zancen an ɗauke wuta, ko kin gaji, ko ƙanenki ne ya taɓa kwamfutar. Uzuri yana mayar da ƙaramin abu babba. Kada kuma ki cika wasiƙar da ban haƙuri har ta zama kuka. Ki mayar da takardun PDF, ki sa wa fayil ɗin sunanki da kalmar da ke nuna gyararre ne. Kada ki nemo lambar mai ofishin ki kira shi, kada ki hau mota ki je ki tsaya a gaban mai tarbar baƙi.

Damar gyara sau ɗaya ce. Saboda haka kafin ki tura, ki je shagon buga takardu ki buga su a takarda. Ido yana tsallake abu a waya wanda ba ya tsallakewa a takarda. Ki baje satifiket ɗinki duka a tabarma, na digiri, na makarantar lauya, na rantsuwa, na hidimar ƙasa, ki bi kowace shekara da yatsa. Sannan ki karanta daga layin ƙarshe zuwa na farko, da murya. Haka wani dattijon akawun kotu ya koya mini a Ikeja ina sabuwar lauya, har yau da shi nake aiki.

Na taɓa zama cikin masu tantance takardun neman aiki a wani ofishi da na yi aiki a Lagos Island. Maigidanmu yana da jan biro da ba ya rabuwa da shi. Ya zagaye wata shekara a CV ɗin wani saurayi, domin a lissafin takardar ya fara hidimar ƙasa kafin ya gama jami'a, ya ajiye ta a gefen waɗanda ba za a kira ba. Muna nan zaune sakatariya ta shigo da wata takarda da ta buga, ta ce yaron ya aiko da gyara tun ƙarfe bakwai na safe. Maigida ya karanta, ya miƙa hannu ya ɗauko CV ɗin daga inda ya ajiye ta, ya mayar da ita cikin waɗanda za a kira. Abin da ya gaya mana shi ne, duk yaron da zai ɗauka sai ya yi kuskure wata rana, shi kuwa yana neman wanda zai shigo ofishinsa ya faɗa masa tun ana iya gyarawa, kafin takarda ta isa gaban alƙali.

Ba zan yi miki alkawarin wannan ofishi zai kira ki ba. Manyan ofisoshin Victoria Island takardu suna yi musu yawa, wani lokaci ƙaramin dalili ya ishe su rage tulin. Amma duniyar lauyoyin Legas ƙarama ce, wanda ya karanta takardarki yau za ki haɗu da shi a harabar kotu shekara biyar masu zuwa. Gara ya tuna ki a matsayin wadda ta gyara.

Ga sauran masu karatu: idan kuskuren waƙafi ne ko harafi ɗaya da bai sauya ma'ana ba, kada ku aika saƙon gyara. Ku gyara a wurinku, ku tafi da tsaftataccen kwafi ranar intabiyu. Kuma ku riƙa sa adireshin wanda za a aika wa a ƙarshe, bayan kun gama duba komai. Gmail yana ba da damar janye saƙo, amma iyakarta daƙiƙa 30, wato rabin minti.

Tambaya: Yaya, ina gaisuwa daga Agege. Na fita jami'a da digiri mai darajar 2.2, kuma sai da na sake zama jarrabawar makarantar lauya kafin na ci. Wata takwas ina tura takardu babu wanda ya kira ni. Wani abokina da ke gyara wa mutane CV ya ce in ba shi. Ya mayar da 2.2 ta zama 2.1, darajar da ke sama da ita, watannin da na yi na koyon aiki a kotu da ofishin lauya lokacin ina ɗalibi kuma ya rubuta su a matsayin aikin shekara biyu. Cikin mako guda aka kira ni intabiyu. Yanzu hankalina ya kasa kwanciya. Mahaifiyata ta sayar da filinta don karatun nan, ina so in fara kawo wani abu gida.

Amsa: Ƙanena, rashin kwanciyar hankalin nan shi ne abu mafi daraja a wasiƙarka, ka riƙe shi. Na kuma ji zancen mahaifiyarka har cikin raina. Saboda ita ne ma zan gaya maka magana ba tare da na shafa mata zuma ba: wannan ƙarya ce. Ba ta cikin layin kuskuren da na yi magana a kai a sama, kuma ba abokinka za a tuhuma ba, sunanka ne a saman takardar.

Ka bi abin zuwa ƙarshensa ka gani. Ran intabiyu, ko ranar da za a ba ka takardar kama aiki, za a ce ka kawo asalin satifiket. Digirinka yana ɗauke da darajar da ka fita da ita a rubuce. A wannan lokaci hanya biyu ce ta rage: ko asiri ya tonu a gaban mutane, ko abokin nan ya ce ya san wani a Oluwole, wurin da ya yi suna da takardun jabu a Legas, da zai buga maka wani. Ka ga ƙaryar baki ta haifi takardar jabu, wadda laifi ce da ake ɗaure mutum a kanta a Dokar Laifuffuka ta Jihar Legas ta 2011. Kai kuma lauya ne. Kafin a rantsar da kai sai da Majalisar Dattawan Lauyoyi ta gamsu cewa kai mutumin kirki ne, kuma akwai kwamitin ladabtar da lauyoyi da ke da ikon dakatar da mutum ko soke sunansa daga rajistar Kotun Ƙoli. Shekara biyar na jami'a, shekarar makarantar lauya, da filin mahaifiyarka, duk su ka ɗora a kan wannan caca.

Mu 'yan Arewa ba ma buƙatar a kawo mana misali daga nesa. Salisu Buhari ya hau kujerar Kakakin Majalisar Wakilai a 1999, kujera ta huɗu a ƙasar nan, cikin makonni ya sauka saboda ƙaryar shekarun haihuwa da digirin Jami'ar Toronto da bai yi ba. Kemi Adeosun tana Ministar Kuɗi ta ajiye aiki a Satumbar 2018 a kan takardar yafe hidimar ƙasa da aka gano ta jabu ce, ko da yake ta ce ba ta san jabu aka ba ta ba. Ramin ƙarya ƙurarre ne, kuma irin wannan ba ta tashi tonuwa sai mutum ya hau inda faɗuwa za ta yi ciwo.

Zancen aikin shekara biyu kuwa, ko satifiket ba a buƙata kafin a kama shi. Tambaya uku ta isa. A gaban wane alƙali ka tsaya? Wace buƙata ka taɓa gabatarwa da bakinka? Waɗanne takardu ake haɗawa da ƙara tun ranar shigar da ita a ƙarƙashin ƙa'idojin Babbar Kotun Legas na 2019? Na taɓa zama gaban wani matashi da ya ce mana duk mako yana Babbar Kotun Igbosere, a watannin da ya rubuta a CV. Ginin kuwa an ƙone shi tun Oktoban 2020 lokacin zanga-zangar EndSARS, kotunan sun koma wasu wurare. Ɗakin ya yi tsit. Babu wanda ya ci masa fuska, aka gode masa aka sallame shi, amma na ga yadda hannunsa ke rawa yana tattara takardunsa, kuma na san da ya faɗi gaskiyar ɗan abin da ya sani da an saurare shi.

Ka aika musu da sahihin CV kafin ranar intabiyu. Ka ce takardar da ta iso gare su tana ɗauke da bayanan da ba daidai ba a kan darajar digiri da ƙwarewar aiki, ga na gaskiya, kuma za ka fahimta idan hakan ya sauya shawararsu. Suna iya soke gayyatar. Idan sun soke, abin da ka rasa dama ce da dama can ba taka ba ce. Ka kuma bi duk inda aka tura wancan CV ɗin ka janye shi.

Sake zama jarrabawa ba sai ka rubuta shi a CV ba. Ka sa shekarar da ka gama da sakamakon da ke jikin takardarka. Idan fom ya tambaya, ko aka tambaye ka baki da baki, ka amsa da gaskiya a taƙaice. Barin abin da ba a tambaye ka ba daban, rubuta abin da bai faru ba daban.

Sannan ina ganin ƙofofin da kake bugawa ne suka yi kaɗan. Wasu manyan ofisoshi sun sa 2.1 a matsayin sharaɗi, ba za ka sauya musu ra'ayi ba. Amma Ikeja, Yaba, Surulere da Lagos Island cike suke da ƙananan ofisoshin da ke shiga kotu kullum, inda za a ba ka fayil a mako na biyu. Albashin kaɗan ne, na sani. Bayan shekara biyu ko uku a irin wannan wuri, tambayar da ake yi wa lauya ita ce me ya iya, darajar digiri ta koma baya. Ka leƙa Ofishin Kare Marasa Ƙarfi na Jihar Legas da Hukumar Ba da Agajin Shari'a ta tarayya. Kuma ka rubuta a CV cewa kana jin Hausa, ka sa shi inda ido zai gani. Tsarin Mulki ya ba duk wanda ake tuhuma haƙƙin a yi masa tafinta idan ba ya jin harshen kotu, kuma kotunan majistare na Legas kullum akwai 'yan'uwanmu a cikinsu, daga Mile 12, Alaba Rago, da direbobin tanka na Apapa. Lauyan da zai zauna da su ya ji labarinsu daga bakinsu yana da abin sayarwa da mai 2.1 da yawa ba su da shi.

Tambaya: 'Yata, Allah ya yi miki albarka. Ni ɗan kasuwa ne a Mile 12, jikata ce take rubuta mini wannan. Ɗana lauya ne. Wani banki ya ɗauke shi aiki a sashen shari'a, sai suka dakatar, wai sunansa bai zo ɗaya ba a takardu. A ta firamare Muhammadu ne, a ta sakandare Mohammed, a ta jami'a an ƙara sunan garinmu, a katin ɗan ƙasa kuma babu sunan garin. Wani ya ce in kawo kuɗi a yi masa takardar rantsuwa mai tsohuwar kwanan wata. Yaron nan bai taɓa cutar kowa ba.

Amsa: Baba, Allah ya ƙara girma, amin na gode da addu'a. Na yarda ɗanku bai yi laifin komai ba. Wannan matsala ta gidajenmu ce da yawa. Malamin firamare ya rubuta suna yadda ya ji, na sakandare ya rubuta yadda ya saba, a jami'a aka nemi sunan iyali yaro ya ba da sunan gari. Amma bankin ma yana da hujjar tsayawa. A Fabrairun 2020, ana gobe za a rantsar da David Lyon gwamnan Bayelsa, Kotun Ƙoli ta soke zaɓensa saboda sunaye mabambanta a takardun mataimakinsa. A wannan hukunci kotu ta nuna cewa takardar rantsuwa kaɗai ba ta gyara sunan da ke jikin satifiket, hukumar da ta ba da satifiket ɗin ita ke da ikon gyara shi. Tun daga nan masu ɗaukar aiki suka ƙara sa ido.

Kada ku ba mutumin nan ko kwabo, Baba. Takarda mai kwanan watan ƙarya za ta mayar da yaron da ba shi da laifi mai laifi.

Sunan da ke cikin rajistar lauyoyi ta Kotun Ƙoli shi ne sunansa na aiki, da shi zai sa hannu a kowace takarda, shi ne kuma zai hau saman CV harafi da harafi. Sauran takardun shi za su biyo. Ya je rajistar Babbar Kotu a Ikeja da ƙafarsa, ya wuce masu tare mutane a bakin ƙofa, ya yi rantsuwa a gaban jami'in rantsarwa da kwanan watan ranar, yana lissafa kowane suna da takardar da yake jikinta, yana tabbatar da cewa duk mutum ɗaya ne. Ya buga sanarwa a jarida ta ƙasa. Ya nemi hukumar katin ɗan ƙasa ta daidaita nata, ya rubuta wa hukumar jarrabawa a kan nata, ya ajiye rasit da kwafin duk abin da ya shigar. Sannan ya rubuta wa bankin wasiƙa da kansa, ya haɗa da waɗannan, ya nuna musu inda aka kwana. Abin yana cin lokaci, amma mai ɗaukar aiki yana iya jiran wanda ya ga yana bin hanya. Ya duba ranar haihuwarsa ma a duk takardun tun yanzu, don sau da yawa inda suna ya saɓa, ita ma ta saɓa.

Tambaya: Anti, na karanta dokar zamani haɗe da Shari'ar Musulunci a Jami'ar Bayero. Wata ta ce in cire kalmar Musulunci daga CV in ina son aiki a Legas, in cire hotona mai hijabi, in kuma sa Barista a gaban sunana. Daga Obalende.

Amsa: Ƙanwata, sunan digiri ana rubuta shi yadda yake a satifiket, ba a rage masa kalma. Kuma me zai sa ki ɓoye abin da kasuwa ke nema? Bankin Jaiz, mai aiki da tsarin Musulunci, ya fara aiki a 2012, Gwamnatin Tarayya ta fitar da sukuk ɗinta na farko, wato takardun zuba jari na tsarin Musulunci, na naira biliyan 100 a 2017, Bankin Lotus, shi ma na tsarin Musulunci, ga hedikwatarsa nan a Legas. Duk waɗannan sai da lauyoyin da suka san murabaha da ijara, wato cinikin riba da haya a tsarin Musulunci, suka rubuta musu takardu.

Hoto ki cire shi, amma ba don hijabi ba. CV ɗin lauya ba ya buƙatar hoto, ko addini, ko zancen aure, sai in an nema. Hijabinki ki shiga da shi intabiyu kanki a sama. Firdaus Amasa da aka hana rantsuwa a Disambar 2017 saboda shi, da shi aka rantsar da ita a Yulin 2018.

Barista kuwa, a gida da unguwa mutanenmu za su ci gaba da kiran ki haka, girmamawa ce. A takarda kada ki sa. Kwamitin ladabtar da lauyoyi, a shari'ar Ƙungiyar Lauyoyi da Ofomata, ya ce sa wannan kalma a gaban suna kamar laƙabi bai dace da aikin ba, kuma tsofaffin lauyoyin da ke karanta CV suna lura da shi.

Tambaya: Yaya, wani ofishi ya nemi samfurin rubutuna, sai na tura musu shawarar shari'a da na rubuta wa wani kamfani a inda nake aiki yanzu. Bayan na tura na tuna sunan kamfanin da adadin kuɗin suna ciki. Daga Ebute Metta.

Amsa: Ƙanena, wannan ya wuce zancen neman aiki, sirrin wanda ya ba ku amana ne ya fita. Ƙa'idojin aikin lauya da Dokar Shaida ta 2011 duk sun kare abin da ke tsakanin lauya da wanda yake yi wa aiki, kuma sirrin na kamfanin ne, ba naka ba ne balle ka bayar.

Yanzun nan ka rubuta wa waɗanda ka aika wa, ka ce takardar tana ɗauke da bayanan sirri da aka tura bisa kuskure, ka roƙi su goge ta, kada su buga ko su tura wa wani, su kuma amsa maka a rubuce cewa sun goge. Abu na biyu ya fi wuya: sai ka gaya wa maigidanka na yanzu, ko da hakan zai nuna masa kana neman aiki a wani wuri. Shi ne zai yanke ko za a sanar da kamfanin, musamman idan ofishin da ka aika wa yana tsaya wa abokin hamayyarsu a wata shari'a. Ka same shi da safe kafin a tafi kotu, da kwafin saƙon janyewar a hannunka.

Samfurin da za ka aika a madadinsa, ka rubuta sabo a kan hukuncin kotu da aka riga aka buga, shafi uku ko huɗu. Idan dole sai tsohon aiki, ka nemi izini, ka sauya sunaye da adadi da wurare a cikin rubutun kansa, sannan ka mayar da shi PDF. Shafa baƙin launi a kan kalma a Word ba ya goge ta, duk wanda ya kwafe layin zai ga abin da ke ƙasa.